Murjanin da Shaame Ya Karya

Shaame Faki ya fi shekara ashirin yana shiga da baƙi ƙarƙashin teku a tsibirin Pemba. Da can masunci ne kamar ubansa. Ba shi da yawan magana, amma duk baƙon da ya kai hannu kan murjanin da ke tsirowa a ƙasan teku, ranar zai ji muryarsa idan an fito.

Kyamararsa 'yar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanka ba, ɗaure a wuyan hannu. Yakan miƙa hannu ya danna, yana ganin hoton yana kuma ganin abin da ke kewaye da shi. Hotunan ba laifi, sai dai komai shuɗi yake fitowa.

Sai 'yarsa mai aikin jinya a Maskat ta aiko masa da babba, cikin gidan ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga, da dogayen hannuwa biyu masu fitila. Ranar da ya hau jirgi da ita, Vuai matuƙi, abokinsa tun ƙuruciya, ya ƙare mata kallo.

"Dattijo, wannan ƙaguwar taka tana cizo?"

Da aka gama dariya Vuai ya ba shi shawara ya fara gwada ta a bakin gaɓa, inda babu komai sai yashi. Shaame ya ce tun ba a haifi maƙeranta ba yake cikin ruwan nan.

Ashe babbar kyamara hannu biyu take ci, ga nauyi, kuma sai mutum ya manna ido a 'yar tagarta. In ya manna, ba ya ganin komai sai abin da ke ciki. Akwai wani murjani mai faɗin tabarma, wanda Shaame ya sani tun yana kamar faifai. A ƙarƙashinsa ya hango ɗan jatan lande ja, bai kai farce ba. Ya matsa, ya ƙara matsawa. Nauyin ya rinjaye shi gaba, ya kai gwiwa don ya tsaya, sai ya ji ƙara kamar faranti ya fashe. Kusan rabin murjanin ya kife a yashi. Baƙi suna can gaba, babu wanda ya waiwayo.

Hoton kuwa ya fito, irin wanda bai taɓa ɗauka ba. A jirgi baƙi suka yi ta miƙa wa juna kyamarar suna yabo. Shi kuma ya ture shinkafar kwakwar da aka zuba masa gefe.

Bayan kwana uku sheha, mai unguwarsu, ya tara jama'a a gindin mangwaro. Masu kai baƙi sun ga ɓarnar, sun ce anga ce, ƙarfen da masunta ke jefawa don tsai da kwale-kwale, a hana su kusantar wurin gaba ɗaya. Wani tsohon masunci, Ngwali, ya rantse ba su jefa anga a can ba, aka ce kullum haka suke cewa. Shaame yana zaune yana murza hularsa. Ya san nan ne kaɗai ƙananan kwale-kwale ke iya zuwa idan iskar kudu ta taso, ya kuma san gida nawa ke cin abinci daga wurin. Har sheha ya fara yanke magana, sannan Shaame ya miƙe.

"Ba anga ba ce. Gwiwata ce."

Vuai ya sunkuyar da kai. Ngwali ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce a hankali, "Kwana uku ka bari ana zarginmu, ɗan Faki? Da mahaifinka muka yi kamun kifi a can."

Shaame ya koma ya zauna.

Ba a hana masunta wurinsu ba. Shaame ne ya tsinto ɓaraguzan murjanin, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarfe a cikin ruwa don su sake tsiro. Wasu sun kama, da yawa sun mutu. Yanzu ya iya kyamarar sosai, otal-otal suna neman hotunansa. Masunta suna gaishe shi kamar da, yana amsawa. Amma har yau, in zai koma gida, yakan zaga ta bayan masallaci, ba ya bi ta inda suke sauke kifi.