Hanon da Auta Ya Tuɓe

Ranar da aka shigo da buhunan nan, a tsakar gida akwai Inna, uwar mijina, zaune bisa tabarma ta miƙe ƙafafu. Akwai maigidana yana gyaran ƙotar fartanya. Akwai ni, ina sussukar gero. Sai kuma wanda ya kawo kayan, ƙanin maigidan, autan Inna, wanda tun da Nasara suka ba shi gajeren wando da bulala ya daina gane hanyar gona.

Lokacin ana aikin hanya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, aikin tilas. Ana ɗibar maza daga Birchi, daga Tamawa, daga ƙauyenmu, su yini suna jidar tsakuwa a kwando. Auta shi aka naɗa heluma, wato mai tsayawa a kansu yana tsawa. Ba don ƙarfi ba, ba don hankali ba. Ya dai iya rusunawa da sauri, ya kuma iya cewa to tun ba a gama magana ba.

Inna kuwa sanyin ƙashi gare ta. Gwiwoyinta kan kumbura su yi sulɓi kamar ƙwarya, har sallah sai a zaune. Abin da ke tashin ta ɗaya ne, sassaƙen hano. Itacen guda ne tak a wajenmu, a kan dutsen da ke bayan gari. Sauran suna can nesa, inda mace ba ta zuwa ta dawo a yini. Ni ke hawa in ɗebo mata, yadda ita ta koya mini: a sassaƙa kaɗan ta gabas, in an sake zuwa a ɗauka ta yamma, a shafe wurin da laka. Ba a zagaye itace da wuƙa. In dafa da 'yar jar kanwa har ruwan ya yi ja, ta sha, in gasa mata gwiwar da tsumma. Kafin kasuwa ta zagayo sai ka gan ta tana ruku'u kamar kowa. Duk garin an san haka, kowa ɗan abin da zai ishe shi yake ɗauka.

To, leburorin Auta kafaɗu sun kumbura, wuya ya sanƙare, wasu sun kasa tashi. Aka ce Bature zai zo duba aiki. Shi ne tsoron kada a karɓe wandon ya tuna masa da itacen da uwarsa ke aiken shi wurinsa yana yaro. Ya kwashi ƙarti da gatura suka hau dutse.

Ya sa aka dire buhu biyu a gabanmu, yana murmushi.

"Matar yaya, tashi ki ga aikin maza. Ke kullum ɗan ƙyas kike kawowa a bakin zane kamar mai satar gishiri."

Na buɗe buhu. Ɓawo ne falle-falle, wani ya kai faɗin faifai, danƙon na ta ƙamshi.

Na ce, "Wane gefe ka bari?"

"Gefen mi? Har inda tsani ya kai mun tuɓe shi. Buhu shida na can sansanin aiki, waɗanga biyu na Inna ne. Ta sha har ta gaji."

"Ka taɓa ganin an feɗe akuya ta ci gaba da ba da nono?"

"Ke dai baki gare ki. Itace ne fa, zai tsiro."

"Kai ma da aka tuɓe maka hankali aka sa maka wando, ya tsiro?"

Maigidana ya ce, "Ya isa," bai ko ɗaga kai daga fartanyarsa ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a ranar, kuma ban manta masa ba.

Inna ta jawo falle ɗaya, ta juya shi, ta shinshina. Ba ta yi faɗa ba, ai auta ne. Cewa ta yi, "Allah shi yi maka albarka, ka tuna da ni." Amma na ga ta dafa gwiwarta da ɗaya hannun. Ta fi ni sanin cewa sassaƙe in ya shekara a ajiye ƙarfinsa tafiya yake yi, ya zama kamar kana dafa kara. Buhu biyu na bana ne. Baɗi fa?

Da la'asar na bi shi sansanin, wai in nuna musu dahuwa, tunda ɓarnar ta riga ta auku. Na tarar sun cusa ɓawon a garwar kananzir da ba a ko wanke ba, sun zuba kanwa kamar masu rini. Ruwan ya yi baƙi ƙirin. Auta na tsaye da bulala yana ba mutane a gwangwani, kowa ya kurɓa sai ya juya ya tofar. Wani dattijo daga Tamawa, kafaɗarsa duk ta saɓule, ya dube ni ya ce, "'Yar nan, da kwandon suka rage mana, da ba mu nemi magani ba." Sauran buhunan an jingine su a rana, jakuna na shinshinawa.

Na ce wa Auta ya rage wuta, ya zubar ya sake. Ya ce mata ba su shiga aikin gwamnati. Na dube shi daga hular har ƙaurin nan nasa da ya fito tsirara, na juyo. Baturen ma daga baya aka ce a kan doki ya wuce, bai tsaya ba, bai tambayi sunan kowa ba.

A hanyar dawowa na ratsa ta dutsen. Itacen na tsaye fari fat, danƙo na zuba ta ko'ina. Na ɗebo laka na fara shafawa, sai na ga wauta nake yi, na bari. Amma rassan sama da tsaninsu bai kai ba suna nan da ɓawonsu, ɗanyu. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na taɓa ganin Fulanin rugar Birchi sun kafa reshen hano a shinge ya kama.

Da safe, bayan na ɗora wa Inna ruwan gasa gwiwa, na ɗauki gatarin maigidana ban tambaye shi ba. Na ɗaure zane, na hau itacen da kaina, na saro rassa masu kaurin dantse. Na ɗauko su a ka na ratsa tsakiyar gari kowa na kallo. Ban kafa su a gona ba, ban kafa su a bakin hanya ba. A bayan ɗakina na haƙa rami na kafa su, cikin gida, inda ƙanin miji sai ya yi sallama an ba shi izini kafin ya leƙa. Inna ta jawo jiki da sandarta, ta zuba musu ruwan butarta.