Cokalin Inna a cikin injin Fijo

Jama'a, yau mota ta sa Inna kuka!

Kun san tsohuwar Fijon da marigayi Baba ya bar mana. Da safe na tashe ta zan kai Inna asibiti Talata Mafara, sai ƙara, ƙwar-ƙwar-ƙwar! Gabana ya faɗi, na ce injin ya tafi.

Muka lallaɓa garejin Baba Yohanna, bakaniken da ya shekara yana gyara wa Baba. Ya ce in sake tayarwa. Ya kasa kunne, ya zura hannu bayan lagireto. Sai ga cokali!

Ya ce, "Aikin mahaifinka ne. A hanyar Bakura lagireto ya yi sako-sako, ya tokare shi da wannan. Yanzu ya zame, fanka ke bugunsa."

Inna ta leƙo. "Mu gani. Cokalin aurena ne! Shekara nawa ina biɗa, har shi Malam ɗin, babanka, ya taya ni duba ƙarƙashin gado!"

Ta yi dariya har hawaye. Ta goge shi da bakin mayafi, ta miƙa wa Baba Yohanna.

"Maishe shi inda ya aje. Ɗaure shi da kyau."