Mai Tambayar Shekarun Magaji

Baƙon yana tsaye a kasuwar ƙauyenmu, alkyabbarsa fes, takalmansa duk laka. Ba ya taya komai. Idonsa na kan gonaki da dajin ubangidanmu Hamo, wanda ke kwance yana tarin jini. Raina ya ba ni irin mutanen nan ne masu sayen riƙon marayu a wajen sarki, su yi ta cin ƙasar har magaji ya cika ashirin da ɗaya.

Ya matsa wajen Aldit mai ƙwai. "Inna, ɗan maigidan shekarunsa nawa?"

"Huɗu. Uban dai da ransa, bawan Allah!"

"Allah ya ba shi lafiya," in ji baƙon a ladabce.

Ni kuwa yatsunsa nake kallo. A hankali suke ƙirgawa, har sha bakwai.