Layin Dogo Mai Ƙamshin Lemon Tsami

Duk wanda ya ce muku an yi harkar jirgin ƙasa a Doha ba da Habu na Funtuwa ba, ku tambaye shi yaushe ya shigo garin. Shekara shida na yi ina kula da jirage sama da ɗari, a hannuna ko ɗaya bai taɓa ɓata ba, fasinja ko ɗaya bai taɓa kawo ƙara ba. Gaskiya ne babban cikinsu bai wuce tsawon takalmina ba, fasinjojin kuma na roba ne, da gam aka manna su a kujeru. Amma aiki aiki ne. Sai dai akwai wata rana da har gobe, in na ji ƙamshin lemon tsami, sai ta faɗo mini a rai. Ranar da muka yi sallama da Baba Bashir ke nan.

Bari in yi wa sababbin zuwa bayani, don a gida har yanzu akwai masu zaton injiniya ne ni a Metro, jirgin ƙasan birnin, ni kuwa ban taɓa samun lokacin gyara musu zato ba. Kamfaninmu ƙananan jiragen ƙasa yake ƙerawa, na kwaikwayo, masu tafiya da lantarki. Masu hali su saya su cika ɗaki guda da su, makarantu da otal ma suna saye. Ma'aikatar tana bayan gari, ɗakin baje kolin kuwa yana kusa da Mushairib, tafiyar ƙafa ce daga tsohon gidan da aka kama mana a Al Asmakh. A tsakiyar ɗakin akwai wani tebur da in ka tsaya a wannan kai, wanda ke wancan kai sai ka kira shi a waya. A kansa an gina hamada, da gari, da gada, da dutse mai rami a ciki, da raƙuma kamar ƙwayar gyaɗa, layin dogo ya zagaye su duka.

A sama akwai mudir, wato manaja. Ƙarƙashinsa injiniyoyi, shugabarsu Madam Luz, 'yar Filifin, wadda ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau kowa sai ya nemi aikin yi. Sai masu fenti, sai mu masu gadi. Ni ne shugaban sashen tsaro na ɗakin baje koli. Ma'aikatan da ke ƙarƙashina su ne Mumuni, mutumin Zangon Kumasi. Shi ke nan, na gama lissafa su. Ya girme ni da shekara biyu, kuma har yau bai amince da shugabancin nan ba.

Baba Bashir kuwa, a takarda mai gwada jirage ne kawai, amma shi ne fuskar kamfanin. Haifaffen Sudan ne, jikan Hausawan da suka taso da ƙafa za su Makka suka yada zango a can, zangon ya zama gari. Mahaifinsa shi ke zuba wa jirgin gaske gawayi a Atbara. Larabci yake yi da kowa, amma in ya iso ƙofa sai ya juya harshe zuwa wata tsohuwar Hausa irin ta kakata, ya ce, "Ɗana, ka kwana lafiya? Ina gajiyar tsayuwa?"

Shekarar annoba ce ta fito da shi. Da aka rufe ɗakin baje koli, sai ya roƙi mudir a bar shi ya riƙa shiga shi kaɗai kowace Alhamis, ya kafa waya, ya sa tsohuwar hular direban jirgi, ya tayar da jirgi guda yana ba da labarin garuruwan da yake wucewa. Mutane na kulle a gidajen sama na unguwar Bin Mahmud, yara sun ishi iyaye, iyaye sun ishi yara, sai ga wani tsoho yana busa usur yana cewa yalla, a hau, za mu tafi. Kafin a buɗe gari, ba ya iya ratsa kasuwa ba a tsayar da shi sau ashirin ba. Na taɓa raka shi sayen albasa, muka dawo albasar ta tsiro.

Ni ma annobar ta ba ni sarauta. Da aka buɗe, ni ke bakin ƙofa da na'urar gwada zafi a hannun dama, robar sanitaiza a hagu, irin mai kauri mai ƙamshin lemon tsami. Ba mai wucewa ban matsa masa ba. Har mai kawo ruwa, har ɗan sanda. Mumuni ya raɗa mini Sarkin Sanitaiza, sunan ya bi ni. Da cutar ta lafa, katan-katan suka rage a sito, ina kallonsu kamar sojojina da aka sallama.

Ga abin da ya kamata ku sani game da aikin. Waɗannan jirage ba su da batir. Wutar tana bin ƙarafunan layin ne, ƙafafun jirgi su ɗauke ta su kai wa inji. Don haka dole layi ya zama tas, a bushe. Kowace safiya Baba da kansa yake ɗaukar farin ƙyalle, ya ɗiga sipirit, ya bi layin yana gogewa. Wata rana na sunsuna kwalbar, na ji warinta ɗaya da sanitaizata. Na ce a raina, ashe ni da Baba sana'armu ɗaya. Wannan shi ne iyakar karatun injiniyan da na yi.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, ɗakinmu ya zama kasuwa. Muna cikin haka Baba ya sanar a shirinsa cewa zai ajiye aiki kafin gasar ta ƙare. Idonsa ya gaji, 'yarsa kuma tana aure a Madina. Ya ce mini, "Kakannina sun bar tafiya a rabi, zan je in ƙarasa musu." Mutane suka yi ta zuwa da furanni da dabino, wata tsohuwa ta kama hannun mudir tana yi masa faɗa kamar shi ya kore shi.

Akwai al'ada a kamfanin. Duk ma'aikacin da zai tafi, zai zaɓi jirgi guda ya zagaya babban tebur da shi sau ɗaya, ba tsayawa. Kuma a ranar, ba jirgin da zai taka layin kafin nasa, ko na gwaji. Baba ya ce zai fito da nasa na kansa: baƙin kan jirgi na tagulla, kwafin wanda mahaifinsa ya yi wa hidima, wanda ya shekara tara yana ƙerawa a ɗakinsa da hannu. Ba wanda ya taɓa ganin yana tafiya sai shi da Madam Luz. Za a nuna kai tsaye a waya, 'yarsa da jikokinsa suna kallo daga Madina.

Ana gobe taro, Madam Luz ta goge layi, ta gwada komai, ta ce kada kowa ya taɓa. Da safe na zo na buɗe ɗaki, na tarar kowa ya tanadi kyautarsa. Masu fenti sun yi ɗan mutum-mutumin Baba da hularsa sun tsayar a tasha. Mumuni ya ɗinko masa riga irin ta Gana. Ni ba ni da komai. Na dubi layin nan, na ga ya dushe, ba ya ƙyalli. Sai sito ya faɗo mini a rai.

Mumuni ya tarar da ni na naɗe hannun riga. Ya ce, da Hausarsa ta Zango, "Oga Habu, Madam ya ce kar a taɓa."

Na ce, "Madam ta ce kar jahili ya taɓa. Kai je ka ƙofa."

"In abu ya lalace, ban gan ka ba, ba ka gan ni ba."

"In aka yaba kuma, kar ka zo kana cewa mu muka yi."

Roba uku na ƙarar. Na bi gada, na bi hamada, ramin dutse kuwa na ɗaura tsumma a sanda na zura ciki na dama shi sosai. Layi ya ɗauki ƙyalli, ɗaki ya gauraye da ƙamshi. Abin da ban sani ba shi ne, a cikin sanitaiza mai kauri akwai wani mai da ake sawa don kada hannu ya bushe. Sipirit ɗin cikinta ya tashi ya tafi, man ya zauna, ya yi danƙo, ya yini yana tara ƙurar da iskar na'urar sanyaya ɗaki ke kaɗowa.

Bayan la'asar ɗaki ya cika har titi. Ga 'yan ƙasa da fararen riguna, ga 'yan Maroko da tutoci, ga 'yan Senegal da ganga, ga wani ɗan Meziko da hular da ta tare wa mutum shida gani. Baba ya buɗe akwati ya ɗora jirgin a layi da hannu biyu, kamar mai kwantar da jariri. Ya yi bismilla, ya busa usur, ya murɗa makunni.

Jirgi ya tashi. Ya yi taku ɗaya, biyu, fitilarsa ta fara ƙifta ido. Ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Da ya isa gindin dutse sai ƙafafunsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, sannan ya yi shiru. Mai ganga ya sauke hannu. Madam Luz ta cire tabarau.

Ina tsaye kusa da Baba. Ya juya wajen waya ya ce da Larabci, a yafe masa, layin nan bai taɓa ba shi kunya ba, laifin jirginsa ne, tsoho ya ƙera abu da idon da ya gaji. Ya miƙa hannu zai ɗauke shi ya mayar akwati. Mumuni ya taka mini ƙafa ya ce a kunnena, "Ka faɗa, ko in faɗa."

Zan so in ce muku jarumtaka ce ta tura ni gaba. Rabinta dai takalmin Mumuni ne. Na ce, "Baba, kar ka ɗauke shi. Jirginka lafiyarsa ƙalau. Ni ne na wanke maka hanya."

"Da me, ɗana?"

Bai jira amsata ba. Ya shafa yatsa a layi, ya murza, ya kai hanci. Ya dube ni, ya dubi yatsan, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi dariya har hular ta faɗi a kan garin roba ta rufe masallaci da kasuwa. Ya ce, "Ubana ya ga ambaliya ta tsayar da jirgi, ya ga raƙumi ya tsayar da jirgi. Tsabta ce dai bai gani ba, sai ni Allah ya nuna wa."

Ya fassara wa jama'a, ɗaki ya ɗauka da dariya. Mudir kaɗai ne bai yi dariya ba, yana kallona irin kallon da ake yi wa ragon layya. Baba ya sa aka kawo dukan farin ƙyallen da ke sito, aka yayyaga, ya ce yau kowa ma'aikacin dogo ne. Ya ba kowa taƙi ɗaya na layi, Madam Luz na bi tana ɗiga sipirit tana dubawa. Na ga wani attajiri da agogon da zai sayi unguwarmu ya durƙusa yana goge gada, Madam ta ce masa bai fita ba, ya sake. Ita kuma ta juya jirgin ta goge ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da auduga.

Saura ramin dutse. Ba a isa cikinsa sosai sai ta wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin tebur. Madam Luz ta miƙo mini ƙyalle ta ce, "Wanda ya zuba shi zai kwashe." Na kwanta na shiga. Kaina da hannuna suka wuce, tumbina ya ce shi nan ya sauka. Na goge, na goge, na ce na gama a ja ni. Sai na ji muryar Baba daga sama: "Zauna nan, ɗana, ka zama mai tsaron rami. Khalas, shi ke nan, mun tashi."

Na ji usur, na ji ganga ta ɗauka. Can sai ga wata 'yar fitila ta shigo duhu, tana tafe a natse, ba gargada. Ta wuce dab da hancina, ƙafafu na bugawa ƙas-ƙas-ƙas, na ga har ɗan shebur ɗin gawayin da Baba ya ƙera ya jingina a inda mahaifinsa ke tsayawa. Duk Doha ni kaɗai na ga jirgin nan a cikin rami. Da ya koma tasha, ihun da aka yi sai da tebur ya girgiza a kaina. Mutum huɗu suka ja ni da ƙafa, har da ɗan Meziko.

Baba ya ɗora wa Madam Luz hularsa, ita ta gaji shirin Alhamis. Mudir ya rubuta mini takardar gargaɗi, Baba ya roƙa aka bar ta a aljihun tebur ba a kai fayil ba, aka kuma kwashe sojojina daga sito a ranar. Abin da na koya, ku ma ku riƙe: a wurin aiki, in mai sana'a ya ce kar a taɓa, son da kake yi wa mutum ba lasisi ba ne. Kuma in ka ɓata, ka faɗa kafin mai gaskiya ya ɗauki laifinka ya sa a akwati ya tafi da shi.

Ni na ɗaukar masa jaka zuwa mota. A hanya na ce, "Baba, ka ga dai da ba don ni ba, da taron nan bai yi armashi haka ba. Ka sa baki mana Madam ta riƙa fito da ni a shirin."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ai ka fito, ɗana. Rabin sa'a duniya na kallon tafin takalminka, kuma kowa ya ce ya isa haka."