Jirgin da Halliru ya nutsar

"Ka ji abin da tsohon nan ya yi wa Turawa?"

"Na Yauri?"

"Shi fa. Jirgin da suka shekara uku suna gyara, ya bar shi ya nutse."

"Dama mai gadi ne, ya je yana kiran kansa masassaƙi."

A ƙofar masallaci aka yi hirar, a unguwar Old Trafford ta Manchester, Malam Halliru na tsugune bayansu yana ɗaure takalmi. Bai ɗago ba.

Ubansa da kakansa jirgi suka sassaƙa a bakin kogin Kwara. Shi kuwa gadin sito ya yi a Manchester, shekara ashirin da biyu. Da ya ajiye aiki sai ya liƙe wa wata tsohuwar ma'aikatar jiragen katako a bakin canal, hanyar ruwan da aka haƙa wa jirage, wadda aka mayar gidan tarihi, ana aiki baƙi na kallo. Tsintsiya suka fara ba shi. Sai da ya yi wata shida aka bar shi ya taɓa guduma.

Jirgin dakon kwal ne, ya daɗe a tudu, katakonsa ya bushe har wuƙa na shiga tsakani. A Yauri irin wannan ba ya buƙatar shawara: nutsar da shi ake yi kwana bakwai, itacen ya sha ruwa ya kumbura ya haɗe. Ranar da aka sauke shi ruwa, Halliru ya kashe injin kwashe ruwa ya tafi gida. Bai gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗa ba.

Manajan wurin, Sunusi, ɗan abokinsa ne, haifaffen unguwar Moss Side, nan Manchester. Shi ya ƙwace masa makulli, ya kira crane, injin ɗaga kaya, a kwana na uku don a ciro jirgin. Sai ga Halliru ya iso.

"Baba, you're suspended. Me ya kawo ka?"

"Ni da na ci naman sunanka kake tambaya?"

"Jirgin nan ya girme ka, ka mai da shi gidan kifi."

"Ɗaga shi yau da ruwan nan a cikinsa, ya karye gida biyu. Sai ka sa wannan ma a report ɗinka."

"Nan ba Yauri ba ce."

"Itacen bai sani ba."

Mai crane na jira. Halliru ya tuɓe takalmi, ya taka ya zauna kan ɗan rufin jirgin da ya rage a saman ruwa, ruwa na lasar wandonsa.

"Riƙe makullinka, ban roƙe ka aiki ba. Sallami mutumin nan, Sunusi, ka bar wa jirgin kwana huɗunsa."