Gadon Jegon Da Na Sa Aka Gina Wa 'Yata

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai ganin babu abin da za a koya mini game da jego. A ƙauyenmu na Sudan na taso, inda mai jego take wankan ganye da ruwan zafi, ta kuma hau gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashinsa har ta yi arba'in. Haka aka yi mini kafin maigidana ya kawo mu Jidda, muka zauna a unguwar Hindawiyya. Shi ya sa da babbar 'yata ta dawo gida goyon cikin fari, na ƙudura ba zan bar ta da ɗanyen jiki don muna ƙasar mutane ba.

Muna da ɗan ɗaki a saman bene. Na kira wani tsohon magini ɗan garinmu, wanda muke ce wa Kawu, na gaya masa abin da nake so. Ya yi dariya har da tari, ya ce a zafin Jidda wa ke neman ƙarin wuta, in ba gurasa zan gasa da yarinyar ba. Da ya ga na nace, sai ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce ramin wutar sai da tubalin wuta, irin na tanderun burodi, kuma da yumɓu ake haɗa shi, don siminti tsagewa yake in ya sha zafi. Ya ce bakin murhun ya kasance a waje, bututun hayaƙi kuma ya zarce katangar bene, a bar kansa a buɗe.

To ni dogon bututun ne ya ba ni tsoro. Ana cikin sabunta iƙamar maigidana, wato takardar izinin zama, ba ma son ido a kanmu, ga maƙwabta, ga mai gidan haya. Na roƙi Kawu ya gajarta, ya ce halas, shi ke nan, hannunsa ba ya ciki, ya kwashe kayan aikinsa. Sai na samo wani lebura mai yin abin da aka ce masa. Ya gina mini da ragowar bulo da siminti, bakin murhu a cikin ɗaki, bututu gajere. Ni da hannuna na ɗora fallen tayil a kan bututun, don kada wani ya hango hayaƙi.

Allah ya sauke ta lafiya, ta samu ɗa namiji. Ta ce mini ita dai ba ta ga amfanin gadon nan ba, amma tunda ni nake so, za ta hau don raina ya yi daɗi. Na riƙa zuba gawayi, ina cewa ai shi ba ya hayaƙi. Tagar ma na toshe ta da tsumma, kada sanyi ya shiga jikinta. Ta fara kukan ciwon kai da jiri, na ce jinin da ta zubar ne, na ƙara mata kunun kanwa. Na ga bulon ya soma tsagewa siri-siri, na kwaɓa siminti na shafe, na ci gaba.

Kwana biyu bayan suna, da hantsi, na hura mata wuta na sauka ɗora abincin rana. Da na dawo na tarar ta yi amai a inda take kwance, ina kiranta ba ta amsawa. Jaririn yana gefenta shiru. Maƙwabtan ne suka ji ihuna, suka sauko da su, suka kai su asibiti. 'Yata ta farfaɗo da la'asar. Jikana bai farfaɗo ba. Likita ya gaya mini a hankali cewa gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta, kuma in ba ta sami hanyar fita ba, ɗaki take cikawa.

Kawu ya zo ta'aziyya. Bayan addu'a ya hau bene da gudumarsa ya rushe gadon.

'Yata ba ta taɓa ɗora mini laifi da bakinta ba. Ta sake haihuwa sau biyu, duk a ɗakin mijinta take jegonta, ni kuwa sai ranar suna nake zuwa kamar kowa. Ban taɓa tambayarta dalili ba.

Na sani rai na Allah ne, amma na kuma san abin da hannuna ya yi. Na gane cewa abin da aka yi mana a gidan ƙasa mai iska ta ko'ina ba ya yiwuwa a ɗakin siminti rufaffe. 'Yan'uwana iyaye mata, kada ku kunna gawayi inda mutum ke kwance, ko da ba ku ga hayaƙi ba. In mai sana'a ya ce ba zai yi abu ba, ku tsaya ku ji dalilinsa. Mai jego kuma in ta ce kanta na ciwo, ku fitar da ita iska tun kafin ku nemo mata wani bayani. Ku sa ni a addu'a.