Sornam, Mai Shirya Ganyen Marigayi

Ƙarfe biyar da rabi na safe Sornam take sauka daga bas ɗin farko a garin Palayamkottai. Ta bi ta layin masu furanni, ta sayi zare biyu na furen kitso, ta tura tsohuwar ƙofar gidan tsofaffin da kafaɗa, don tun bara ƙofar ta kumbura. Kafin ta ɗora gahawa sai ta zaga ɗakuna. Tsofaffi goma sha tara ne, kusan dukansu ciwon mantuwa ya kama su, kuma kowa da hanyar tashinsa. Akwai tsohon direban jirgin ƙasa da ba ya sauko da ƙafa sai an tambaye shi ƙarfe nawa. Akwai wata da in ka fara taje mata kai ta dama, to ranar ba zaman lafiya. Sornam ta san duk wannan, ba a rubuce ba. Ita take wanka, ita take wanki in an yi ɓari a gado, ita take cin abinci a ƙarshe, wajen ƙarfe huɗu, a tsaye a bakin murhu.

Shekara ashirin da shida tana haka. Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ba ɗan jarida, ba lambar yabo, sai mayafi ɗaya da aka yafa mata a kafaɗa. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ce sai kun ji abin da Thilaka ta gani da idonta.

Thilaka malamar lissafi ce a sakandare. Mahaifiyarta, Gomathi, ta haura tamanin lokacin da mantuwar ta yi ƙarfi. Sau biyu ta bar gas a kunne. Rannan kuma aka tsinto ta a tashar bas ba takalmi, wai ta zo taryen mijinta Sankaralingam, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ɗan'uwan Thilaka, Ilango, yana aiki a Dubai. Ita kuma ba ta da halin barin makaranta. Haka ta haɗiye kunya da maganar maƙwabta, ta shiga neman gidan da za ta kai uwarta.

Gida biyu ta duba. Na farko sabon bene ne mai gilasai, da lif, da na'urar sanyaya ɗaki, da kyamara a kowane lungu, ma'aikata sanye da farare tas. Na biyu shi ne nasu Sornam: tsohon gida mai bishiyar darbejiya a tsakar gida, ko'ina ƙamshin hayaƙi da miya. Thilaka ta miƙa takardun likita. Sornam ta ajiye su a gefe ko buɗewa ba ta yi ba.

"Likita zai karanta wannan," in ji ta. "Ni gaya mini, Amma, wato mahaifiyarku, takan ci abinci bayan wa? Kuma da wane suna take kiran mahaifinku?"

"Haba Akka, babbar yaya," Thilaka ta ce, ranta a ɓace, "na zo da maganar magani kina tambayata tarihi? Babanmu ya daɗe da rasuwa."

"Ke kika san haka. Ita fa?"

Thilaka ta kwashe takardunta ta fita, tana cewa a ranta wannan mata ba ta san aiki ba. Da ta kira Ilango, bai ma bari ta gama ba. "Mai kyamarar za ki kai ta," ya ce, "in dinga ganinta a waya. Kada a ce mun jefar da ita a kango." Aka kai Gomathi gidan gilasai.

Ziyara a can ranar Lahadi ce, huɗu zuwa biyar. Kowace Lahadi Thilaka sai ta tarar da uwarta ta ƙara zubewa. Awarwaron da ke kama mata hannu ya koma zamewa har gwiwar hannu. Ga wani miki a tsakiyar goshi da ya ƙi warkewa. In ta tambaya, a ce haka ciwon yake, tsohuwa ta ƙi abinci. A mako na bakwai aka kira ta a waya: ta zo ta sa hannu, za a zura wa tsohuwar roba ta hanci, a ɗaure mata hannuwa don kada ta fizge.  Ranar Laraba ce, Thilaka ta bar aji da alli a hannu, ta isa gidan da tsakar rana ba tare da ta sanar ba.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Wata ma'aikaciya tana zaune da tire da cokali, kuma ba muguwa ba ce, muryarta a tausashe take.

"Kaka, buɗe baki."

Gomathi ta kawar da kai. "Ya ci?"

"Wa?"

"Shi mana," tsohuwar ta ce, tana sunkuyar da kai. Shekara hamsin da biyu na aure, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba ta kuma taɓa sa loma a baki kafin ya tashi daga kan ganyen ayabar da ake zuba masa abinci ba.

"Kaka, na gaya miki jiya, na gaya miki da safe. Mijinki ya mutu tuntuni. Buɗe baki."

Ihun da ya biyo baya, Thilaka ta ce har gobe tana jin sa. "Wayyo! Yaushe? Yaushe ya tafi ba wanda ya gaya mini?" Tsohuwar ta kai hannu wuya tana lalube zaren aure da aka cire mata shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sannan ta ɗora tafin hannu a goshi ta shiga gurzawa, tana goge jan ɗigon matan aure, kamar yadda mace take yi ranar da ta rasa miji. Ɗigon ba ya nan. Fata take gurzawa, mikin ya sake buɗewa.

 Ma'aikaciyar ta juyo ta ga Thilaka. "Haka take yi kullum, Madam. An koya mana kada mu yi musu ƙarya, mu dinga dawo da su kan gaskiya."

"Kullum?"

"Safe, rana, da yamma."

Malamar lissafi ce, ko ba ta so ba kanta ya buga: sau uku a rana, kwana arba'in da tara. Sau ɗari da arba'in da bakwai aka yi wa uwarta sabuwar mutuwar miji, sannan aka miƙa mata cokali. Jama'a, wace mace ce za ta ci shinkafa gawar mijinta ba ta ko huce ba? Kyamarar kuwa tana sama tana ɗauka, ba ta da kunne. Ilango yana can yana ganin hoto, yana cewa ai ana kula da ita.

A ranar, a keke mai ƙafa uku, Thilaka ta ɗauko uwarta ta sauke a gindin darbejiya. Sornam ta fito tana goge hannu da gefen sarinta, dogon zanen da ta naɗa a jiki.

"A'a, Malama, kin dawo? Lif ɗin ne ya lalace?"

Sai ta ga tsohuwar, ta ga goshin. Tsokanar ta mutu a bakinta. Ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta kama ƙafafun Gomathi. "Amma, sannu da hanya," kawai ta ce.

Da yamma ta yanko ganyen ayaba, ta zuba shinkafa da miya, ta cakuɗa kamar wani ya ci ya rage, ta ajiye gaban tsohuwar. Matan da, a ganyen miji suke ci bayan ya tashi, kuma Sornam ta taso ta ga kakarta tana yi. Gomathi ta leƙa ganyen, ta yatsina fuska.

"Wane ƙazami ne ya ci a nan? Wannan ba ganyensa ba ne."

Sornam ta juya ga Thilaka. "To, Malama, yaya babanku yake cin abinci?"

 Shekara talatin Thilaka tana ganin mahaifinta yana ci, amma ba ta taɓa kallo ba. Ta zauna a dandamali ta yi kuka mai isarta, sannan abin ya riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yakan tsince masoro daga miya ya jera a bakin ganyen ta sama, kamar ɗalibai a layi. Ba ya taɓa gishirin da ke kusurwar hagu. A ƙarshe yakan bar dunƙule ɗaya na shinkafa da kindirmo a dama, da ɗan yankin lemun tsami mai yaji, ya danna babban yatsa a tsakiyar dunƙulen.

Sai a gwaji na uku ganyen ya karɓu. Gomathi ta tambaya, "Ya ci?" Sornam ta ce, "Duba ganyen, Amma." Tsohuwar ta duba masoron, ta duba shaidar yatsan. Ta yi murmushi, ta ce, "Yau ma ya bar gishirin." Ta sa hannu ta ci, har ta nemi ƙari. Ba a taɓa zura mata roba ba, ba a taɓa ɗaure ta ba.

Da Ilango ya zo hutu ya ji labari, sai ya shigo gidan yana huci. "Saura kuke ba uwata? Uwata da ko kofin baƙo ba ta sha da shi? Kuma ku haɗa da yi mata ƙarya?"

"Ƙanena, rage murya, akwai masu barci," in ji Sornam. "Bakina bai taɓa abincin nan ba, hannu na wanke na shirya. Ban kuma taɓa ce mata yana raye ba. Ta tambaya, in nuna mata ganye. Masu gaskiyar ai ka gwada su, ka ga goshinta. Zauna ka gani, in bai yi maka ba ka ɗauke ta."

Ya zauna. Aka kawo ganyen. Da idonsa ya sauka kan shaidar yatsan, sai fuskarsa ta sauya. Yana ƙarami shi yake roƙon a bar masa wannan dunƙulen. Ya tashi ya fita gindin darbejiya, ƙaton mutum da gashin baki, ya kifa kai a jikin bishiyar. Bai sake maganar ɗauke ta ba.

Sornam, ke ce kika yi tambayar da likita bai yi ba, 'ya'yan cikinta ba su yi ba. Ke ce kika koyi yadda mutumin da ba ki taɓa gani ba yake cin abinci, kika shekara huɗu kina jera masa masoro sau uku a rana, ko ranar da zazzaɓi ya kama ki. Uwar marasa tuna suna, wadda ba a gode mata da safe don an manta abin da ta yi jiya. Ba ki taɓa jiran a tuna ba.

Ranar Asabar ɗin, bayan an yafa mata mayafi, Sornam ta ce ita za ta shirya ganyen ƙarshe. Ta riga ta kwashe wata biyu tana koya wa sauran ma'aikata, har da girman dunƙulen. Thilaka tana wajen. Uwarta ta daɗe da manta sunanta, "Malama" take ce mata kamar kowa. Sornam ta ajiye ganyen, tana jiran tambayar da ta saba.

Gomathi ba ta yi tambayar ba. Ta daɗe tana kallon dunƙulen, sannan ta kama hannun Sornam.

"Ke kin ci?"



"Zauna," tsohuwar ta ce. "Kin zaci ba na gani? Shi bai taɓa bar mini da yawa haka ba. Ke ce mai buɗaɗɗen hannu."

Ta raba dunƙulen biyu daidai kan shaidar yatsan, ta tura rabi gaban Sornam. Matar da ko kofin baƙo ba ta sha da shi. Thilaka ta toshe baki da hannu. Tun yaushe tsohuwar ta sani? Kullum ne, ko a wannan minti ne kawai? Ba wanda zai iya faɗa, don ba a yi minti biyar ba ta ɗago kai ta ce, "Ya ci?" Sornam tana tauna, hawaye na zuba, ta ce, "Duba ganyen, Amma." A shekara ashirin da shida, ranar ce ta fara cin abincin rana a zaune, kuma kafin ƙarfe huɗu.

Sornam, mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya ba ki wanda zai san yadda kike son a taje miki kai in naki tsufan ya zo.

Ku kuma da za ku nema wa tsohonku gida, na roƙe ku, kada ku je ranar ziyara. Ku je da tsakar rana ba sanarwa, ku tsaya a bakin ƙofa ku saurari abin da ake ce wa wanda ya ƙi buɗe baki. In mai kula da gidan ta ajiye takardunku ta tambaye ku yadda mahaifinku yake cin abinci, kada ku yi fushi ku fita kamar Thilaka. Ku zauna ku ba ta amsa. Ku masu wannan aiki kuwa, ku koyi tambayar. In kuma iyayenku suna nan da hankalinsu, yau in an zuba musu abinci, ku ajiye waya ku kalli yadda suke ci.